Saɓanin Faɗi Tsakanin Dasasshiyar Manhaja da Cibiyar Babbar Manhaja a Lokacin Tayar da Kwamfuta: Tarihinsa da Yadda Ya Shafe Mu a Ƙasar Jahun

1. Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata matsala da ke aukuwa a cikin 'yan daƙiƙoƙin farko bayan an danna makunnin kwamfuta, tun kafin mai ita ya ga wani abin kirki a kan allo. Matsalar ta injiniyoyi ce a asalinta, amma mun ga ya dace a kawo ta gaban wannan taro, domin inda take ƙarewa shi ne teburin mai gyara a Jahun ko Dutse, da jakar ɗalibin da ya tara kuɗi ya sayi na'ura ta hannu.

A ɗauka cewa wani ɗalibi na Kwalejin Kimiyyar Lafiya da ke Jahun ya je Kano, ya sayo ƙaramar kwamfuta mai arha a Titin Beirut, irin waɗanda ake shigowa da su bayan an gama morarsu a Turai ko Amurka. Windows ɗin da ke kanta ta tsufa, sai ya kai wa mai gyara don a sa masa sabuwa. Mai gyara ya duba, ya ga furosesar mai bit 64 ce, ya ɗauko filas ɗin da yake aiki da shi kullum ya cusa. Na'ura ta yi kamar ba ta san an sa mata kome ba. Ya sake wani filas, haka. Daga nan hukunci ɗaya ne ya rage masa: ko ya ce allon cikin ya lalace, ko ya ce kayan jabu ne. Alhali kuwa na'urar lafiyarta lau, filas ɗin ma haka. Abin da ya hana su jituwa an ƙulla shi ne shekaru da yawa da suka wuce, a wurare masu nisa, kuma shi za mu yi ƙoƙarin warwarewa.

Kafin mu shiga, ya kamata mu daidaita kalmomi. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni. Babbar manhaja ita ce irin su Windows da Linux, wadda sauran manhajoji ke zaune a kanta. A tsakiyarta akwai wani ɓangare da ke riƙe da ragamar furosesa da ma'ajiya da sauran sassa, shi muka kira cibiya. Sa'an nan akwai wata 'yar manhaja da maƙera ke dasawa a jikin allon na'ura tun daga masana'anta, wadda ita ce ke fara farkawa idan wuta ta shiga. Ita muka kira dasasshiyar manhaja, ko dasasshiya a gajarce. Faɗi kuwa shi ne yawan bit ɗin da furosesa ke ɗauka a loma ɗaya, watau 16 ko 32 ko 64.

Kalmar faɗi ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin jirgin ƙasa a wannan ƙasa. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya ratsa Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930 faɗinsa milimita 1,067 ne. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Bukuru, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957, milimita 762 ne, saboda haka kuzar da aka ɗauko daga Jos sai an sauke ta a Zariya an sake loda ta a wasu taragai. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, mai reshe zuwa Dutse, milimita 1,435 ne. Tarago ba ya hawa layin da ba nasa ba, komai ingancinsa. Wannan misali zai yi mana amfani a gaba.

2. Zamanin BIOS

Kalmar BIOS ta fito ne daga babbar manhajar CP/M ta Gary Kildall a 1975, amma abin da ya kafa ta a duniya shi ne kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a watan Agusta 1981. Furosesarta, Intel 8088, mai bit 16 ce a cikinta, kuma iyakar ma'ajiyar da take iya gani megabayit ɗaya ne tak. Aikin BIOS a wannan na'ura kaɗan ne. Za ta gwada sassa, ta karanto bayit 512 na farko daga faifai, ta ajiye su a wani sanannen adireshi na ma'ajiya, ta miƙa musu ragama. A na'urorin da suka biyo baya takan duba ko bayit biyu na ƙarshe suna ɗauke da wata alama da aka amince da ita. Iyakar yarjejeniyar ke nan. Ba ta tambayar wace ce cibiyar da ke zuwa, ba ta kuma tambayar faɗinta.

Da kamfanoni irin su Compaq da Phoenix suka kwaikwayi BIOS ta halal a tsakanin 1982 da 1984, sai wannan yarjejeniya ta zama ta kowa da kowa, har ba wanda ya isa ya taɓa ta. Furosesa ta yi ta girma: 80286 ta zo a 1982, 80386 mai bit 32 ta zo a 1985 tana iya ganin gigabayit huɗu, kamfanin AMD kuma ya fitar da Opteron mai bit 64 a watan Afrilu 2003. Duk da haka kowacce daga cikinsu, idan aka kunna ta, sai ta farka tana kwaikwayon kakarta ta 1978, da bit 16 da megabayit ɗaya.

Akwai wani labari a nan da ke nuna irin nisan da aka yi wajen kiyaye tsohon alkawari. A tsohuwar furosesa, idan adireshi ya zarce megabayit ɗaya sai ya kewayo ya koma farko, kamar yadda lambar mita ke komawa sifiri. Wasu manhajoji sun dogara da wannan kewaye. Da IBM ya zo fitar da na'urar PC/AT a 1984, wadda furosesarta ba ta yin haka, sai ya sa wata ƙofa a kan waya ta ashirin da ɗaya ta adireshi, wadda ake kira A20, ya kuma danƙa mabuɗin ƙofar a hannun ɗan guntun da ke kula da allon rubutu, don kawai shi ne ke da ƙafa ɗaya da ba a aiki da ita. Kusan shekara talatin duk cibiyar da ke son ganin cikakkiyar ma'ajiya sai ta fara neman a buɗe mata wannan ƙofa.

Abin lura a nan, wanda kuma shi ne ginshiƙin hujjarmu, shi ne cewa a zamanin BIOS saɓanin faɗi ya game kowa. Cibiyar Linux da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991 mai bit 32 ce, Windows NT ta 1993 ma haka, BIOS kuwa tana nan a 16. Tun da kowa ya san a bakin ƙasa za a sauke shi, sai kowace cibiya ta zo da tsaninta. Takan yi wa BIOS 'yan tambayoyi tun tana ƙasa, kamar yawan ma'ajiya da inda take, sa'an nan ta hau da kanta zuwa 32, daga baya zuwa 64, ta bar BIOS a baya. Tsari ne mai muni a idon injiniya, amma bai hana kowa shiga ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mun ga amfanin wannan a ƙasarmu. A rajistar masu zaɓe ta Janairu 2011, hukumar zaɓe ta ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta raba na'urori 132,000 da aka sayo daga kamfanoni uku, aka ɗora musu manhaja iri ɗaya da aka gina a kan Linux, suka kai har rumfunan ƙauyukan Jahun da Miga da Kiyawa. Maƙera daban-daban ne, amma hanyar tashi ɗaya ce.

3. Kwamfutar Yara ta Galadima

Kafin mu kai ga saɓanin 32 da 64, akwai wani saɓani na daban da Nijeriya ta shiga cikin labarinsa kai tsaye. A Janairu 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya shelanta shirin bai wa kowane yaro kwamfuta, kuma Nijeriya, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, tana cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa. A 2007 aka yi gwajin na'urar, mai suna XO, a makarantar firamare ta Galadima da ke bayan garin Abuja.

Ita XO ba ta da BIOS. Dasasshiyarta ita ce Open Firmware, wadda Mitch Bradley ya ƙirƙira a kamfanin Sun a ƙarshen shekarun 1980, kuma cibiyar Linux da ke kanta an shirya ta ne ta fahimci wannan harshe. Amma jami'an ilmi a ƙasashe da dama suka ce su Windows suke so. Windows XP kuwa ba ta san kowa ba sai BIOS. Da aka sanar a watan Mayu 2008 cewa XO za ta ɗauki Windows, sai da aka koma aka koya wa Open Firmware kwaikwayon amsoshin BIOS, domin na'ura ɗaya ta iya tayar da manhajojin biyu.

A daidai wannan lokaci kamfanin Intel ya kawo tasa, Classmate, aka gwada ta a wata ƙaramar sakandare a Jabi. A Oktoba 2007 aka yi ta-ƙi-ta-ƙi a kan na'urori 17,000 da aka saya wa makarantun Nijeriya ɗauke da Mandriva Linux, bayan da labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows. Wannan rigima ta ciniki ce zalla. Classmate tana tashi ta hanyar BIOS, don haka sauya mata manhaja aikin yini ɗaya ne. Na'urori biyu a gari ɗaya, a shekara ɗaya: ɗaya ana jayayya a kan wa zai hau ta, ɗaya kuwa sai an sake mata harshe kafin baƙo ya shiga.

4. Zuwan UEFI

Intel ya fara neman magajin BIOS tun 1998, saboda sabuwar furosesarsa Itanium, wadda ta fito a 2001, ba ta gaji tsohon tsarin ba. Aka kira sabon tsari EFI. A 2005 aka miƙa shi ga wata ƙungiya ta kamfanoni, ya koma UEFI, kuma ƙa'idojinsa na 2.0 suka fito a 2006. Lalle akwai dalilai masu ƙarfi. Tsohon tsarin rabon faifai ba ya wuce terabayit biyu, bayit 512 sun yi kaɗan ga kowane aiki, kuma ba wata hanyar tabbatar da cewa abin da aka tayar ba ɓarawo ne ya sauya shi ba.

UEFI ta sake yarjejeniyar daga tushe ta fuska biyu. Ta farko, ita da kanta take hawa tsanin. Takan kai furosesa zuwa faɗin da aka gina ta a kai, 32 ko 64, sa'an nan ta nemi wata manhajar jagora a wani sashe na faifai, ta tayar da ita a wannan faɗi. Sunan fayil ɗin ma yana faɗin ko na wa ne. Dasasshiya mai bit 64 tana neman BOOTX64.EFI, mai bit 32 tana neman BOOTIA32.EFI, kuma a goshin kowane fayil akwai lambar da ke nuna irin furosesar da aka rubuta shi dominta. In lambar ba ta dace ba, ba za ta taɓa shi ba. Wannan shi ne dalilin da filas ɗin mai gyaran da muka ambata bai ko bayyana a jerin zaɓi ba: an nemi suna ɗaya, aka tarar da wani.

Ta biyu, wadda ta fi wuyar sha'ani, ita ce UEFI ba ta tafiya gaba ɗaya bayan ta miƙa ragama. Takan bar wani ɓangare nata a ma'ajiya domin cibiya ta riƙa kiran sa muddin na'ura tana kunne: karanta agogo, rubuta jerin abin da za a tayar gobe, sake kunna na'ura. Tana miƙa wa cibiya wani jadawali mai ɗauke da adireshin kowace hidima. To, a tsarin 32 kowane adireshi bayit huɗu ne, a tsarin 64 bayit takwas. Cibiya mai bit 64 da ta karanta jadawalin 32 a yadda ta saba za ta haɗe adireshi biyu ta ɗauka ɗaya ne, ta yi tsalle zuwa inda ba kome. Bugu da ƙari, hanyar miƙa saƙo ta bambanta. A 32 ana jera bayanan kira ne a wani tari a ma'ajiya, a 64 kuwa ana sa huɗun farko a cikin aljihunan furosesa. Har ila yau, ɓangaren 32 ba ya ganin duk abin da ke sama da gigabayit huɗu, ko da an nuna masa da yatsa.

Saboda haka ƙa'ida ta zama faɗin jagora ya yi daidai da na dasasshiya, kuma Microsoft ya ɗauki wannan har zuwa cibiya: Windows mai bit 64 ba ta tashi a kan UEFI mai bit 32, haka ma akasin haka. Abin da ya rufa asiri na wasu shekaru shi ne wani sashe da ake kira CSM, wanda maƙera ke haɗawa da UEFI don ya kwaikwayi tsohuwar BIOS. Duk wanda ya ci karo da saɓani sai ya koma ta tsohuwar ƙofa.

Masu kwamfutar Apple ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Na'urorinsa na farko masu furosesar Intel sun fito a Janairu 2006 da EFI mai bit 32, abin da ya dace da furosesarsu. Amma Mac Pro ta watan Agusta na wannan shekara furosesarta Xeon ce mai bit 64, dasasshiyarta kuwa aka bar ta a 32. Shekara shida ba wanda ya damu, don cibiyar Mac OS X tana da nau'in 32. Da Mountain Lion ta fito a Yuli 2012 da cibiya mai bit 64 kaɗai, sai aka wayi gari na'ura mai tsada, mai ƙarfi, ba ta cikin jerin waɗanda za su karɓe ta. Wasu masu sha'awa ne daga waje suka rubuta wata manhajar jagora da ta tsallakar da ita. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

5. Na'urorin Bay Trail

Mafi yawan na'urorin da ke da wannan saɓani a kasuwanninmu 'ya'yan shekarun 2013 zuwa 2015 ne, kuma tarihinsu na gasar ciniki ne. A lokacin iPad da na'urorin Android masu furosesar ARM sun mamaye kasuwar kwamfutar allo. Intel ya fito da furosesar Atom da aka yi wa laƙabi da Bay Trail a ƙarshen 2013, ya kuma ɗaura aniyar ganin ta a cikin kwamfutocin allo miliyan 40 a 2014, yana biyan maƙera tallafi don su ɗauke ta. Ya cim ma adadin, amma sashen da ke wannan harka ya yi asarar sama da dala biliyan huɗu a shekarar. Microsoft shi ma, a Afrilu 2014, ya yafe kuɗin Windows ga na'urorin da allonsu bai kai inci tara ba. A cikin wannan gasa aka sami irin su ASUS T100 da Dell Venue 8 Pro da Lenovo Miix 2, da HP Stream 7 da aka sayar dala 99, da 'yar laftof ASUS X205TA ta dala 199.

Bay Trail mai bit 64 ce. To, me ya sa aka ba ta dasasshiya mai 32? Dalili na farko shi ne wani salon barci da Microsoft ya tsara wa Windows 8, inda na'ura ke kashe allo tana ci gaba da karɓar saƙo kamar wayar hannu. A lokacin da waɗannan na'urori suka fara fita, Windows mai bit 32 ce kaɗai ta shirya masa a kan wannan furosesa. Na biyu, ma'ajiyarsu gigabayit ɗaya ce ko biyu, faifansu 16 ko 32, kuma Windows ta 32 ta fi ƙanƙanta. Tun da Windows ta 32 ba ta tashi sai a kan UEFI ta 32, sai aka gina dasasshiyar a haka. Aka kuma cire CSM daga yawancinsu. Watau aka shimfiɗa ƙaramin layi a ƙarƙashin babban tarago, aka toshe tsohuwar hanyar da ake kewayawa.

A ganinmu maƙeran ba su yi kuskure ba bisa lissafinsu. Sun ƙera abin da za a more shekara biyu ko uku a jefar. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne rayuwa ta biyu, wadda na'ura ke yi bayan ta sauka a Legas, ta bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ta iso Kano, ta ƙarasa hannun wanda zai riƙe ta shekara goma. Buƙatar kuwa ta ƙaru a daidai wannan lokaci. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙira a 27 ga Agusta 1991, ta shiga harkar sadarwar zamani da wuri a mulkin Gwamna Saminu Turaki, da kafa Galaxy a Dutse da cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure. An buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, ta jiha a Kafin Hausa a 2013. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole a 2015. Daga nan duk uban da ke son ɗansa ya shiga jami'a ya san sai yaron ya saba da allon rubutu, kuma mai arha ita ce ake nema.

6. Yadda Aka Gina Gada

Maganin ya fito ne daga ɓangaren Linux. Tun da farko manhajar jagora ta GRUB, idan an gina ta a bit 32, tana iya loda cibiya mai bit 64, domin furosesar tana iyawa. Sai dai cibiyar, da zarar ta lura da saɓanin, takan janye hannunta daga dukan hidimomin UEFI. Na'ura za ta tashi, amma ba za a iya rubuta sunan sabuwar manhaja a jerin tashi ba, don haka girkawa takan tsaya a matakin ƙarshe.

Matt Fleming, injiniya a Intel a lokacin, shi ya rubuta gyaran da ya shiga Linux 3.15 a watan Yuni 2014. Dabarar ita ce ta tafinta. Duk lokacin da cibiya ke son wata hidima, sai ta tabbatar bayanan suna wurin da ke ƙasa da gigabayit huɗu, ta rage kowane adireshi zuwa bayit huɗu, ta jera su a tari yadda ɓangaren 32 ya saba, ta sauko da furosesa zuwa yanayin 32, ta yi kiran, ta karɓi amsa, sa'an nan ta koma 64. Abin da ya sa wannan ya yiwu shi ne AMD, tun a ƙirar 2003, ya bar wa furosesa damar gudanar da umarnin 32 a ƙarƙashin cibiya mai 64. An yi tanadin ne don tsofaffin manhajojin ofis, sai ga shi ya ceci wani abu daban. Wannan shi ne sauke kaya a Zariya a sake lodi, sai dai a nan ana yin sa cikin ƙiftawar ido.

Saura a san faɗin dasasshiya kafin a zaɓi jagorar da za a girka. Steve McIntyre na Debian ya ƙara wa cibiya wani ɗan fayil, fw_platform_size, wanda ya shiga Linux 4.0 a 2015. Abin da ke cikinsa lamba ce kawai, 32 ko 64. Debian 8 ta Afrilu 2015 ta zo da faifan girkawa da ke gane irin waɗannan na'urori, Fedora 27 ta bi sahu a Nuwamba 2017. Sauran matsalolinsu, na sauti da batir da daskarewa ba dalili, sun ɗauki wasu shekaru, kuma Hans de Goede, wanda ke Red Hat a lokacin, ya yi aiki mai yawa a kansu.

Ba za mu tsaya a kan wayoyin hannu ba, ko da yake akwai dangantaka. Wayoyi masu arha da yawa furosesarsu ta 64 ce amma Android ɗin da ke kansu ta 32 ce, kuma tun da maƙeri ne ke riƙe da mabuɗin jagorar, mai waya ba shi da ta cewa.

7. Halin da Ake Ciki

Ƙofofin suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 2017 Intel ya ba da sanarwar daina tallafa wa CSM daga 2020. Fedora ta daina fitar da cibiya mai bit 32 a 2019. Windows 11 ta Oktoba 2021 ba ta da nau'in 32 ko kaɗan, kuma tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Debian 13 ta Agusta 2025 ita ma ta ajiye cibiyar 32. Ma'anar wannan ga na'urar ɗalibinmu ita ce, cibiyar da ta dace da dasasshiyarta tana ƙarewa a duniya, wadda ta dace da furosesarta kuwa ba ta shiga sai ta kan gadar 2014. Gadar nan mutane ƙalilan ne ke kula da ita, kuma a ƙasashen da suke zaune irin waɗannan na'urori sun daɗe da barin kasuwa. Mu da muke da su a hannu ba a cika jin muryarmu ba a inda ake yanke shawarar abin da za a ci gaba da riƙewa. Muna ganin sassan koyar da kimiyyar kwamfuta na Dutse da Kafin Hausa da Kazaure suna da abin yi a nan, ko da gwada sababbin fitowa ne a kan tsofaffin na'urori da aika rahoto idan wani abu ya karye, domin lambar da ba a ji ɗuriyar mai amfani da ita ba ita ake fara sharewa.

Ga mai gyara kuwa, aikin bai kai yadda ake tsoro ba. Idan na'ura ta shekarun 2013 zuwa 2015 ce, furosesarta Atom, kuma Windows ɗin da ta zo da ita ta 32 ce, to, kusan tabbas dasasshiyarta ta 32 ce. Sai ya nemi Linux mai bit 64 da ke ɗauke da BOOTIA32.EFI, ko ya sa fayil ɗin da kansa a jakar EFI/BOOT ta filas da aka tsara da FAT32. Sau da yawa sai ya kashe Secure Boot a shafin saiti. Bayan girkawa ya tabbatar nau'in GRUB na 32 ne ya zauna a faifai, in ba haka ba na'ura za ta tashi daga filas ta ƙi tashi da kanta.

Ga jami'an da ke sayo wa makarantu kaya, takardar kwangila takan ambaci furosesa da girman ma'ajiya da faifai, ta yi shiru a kan dasasshiya. Ya kamata a ƙara layi biyu: cewa UEFI ɗin mai bit 64 ce, da cewa ana iya kashe Secure Boot ko a sa mata wani mabuɗi. Kafin a sa hannu a karɓi kaya, a zaro guda ɗaya daga kwali, a tayar da ita da filas ɗin Linux, a karanta lambar da ke cikin fw_platform_size.